Rigar Sanyin da Na Saƙa Sau Biyu

Ciwon mijin Luba ya fara ne a damina ta biyu bayan canjin kuɗin nan da ya sa mutane yini a bakin banki. Shekarar ce rijiyar unguwarmu ta rufta, ita ce kuma albasa ta yi tsadar da samarin Aliero sunka riƙa sayen sababbin babura. Ni ban san shekara da lamba ba, amma duk wanda ke Jega a lokacin ya san wadda nake nufi. Sunana Kulu. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mani. Luba ce ke riƙe da biro, ni ina faɗi. Na ce mata in na zo wurin yabonta kada ta tsallake, don na san halinta.

Mijin Luba da nake faɗi ɗana ne, na fari, shi ya sa ba za ku ji sunanshi a bakina ba. Haka munka tashi munka iske. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta ɗaga ido ta dube shi gaban mutane. Ana yaye shi yayar ubanshi, Hajo, ta goya shi ta tafi da shi Maiyama. Ita yake ce ma Inna, ni kuwa Yaya yake ce mani. In ya zo gaisuwa bakin ƙofa yake durƙusawa, ni ina ciki fuskata na bango, in ce lafiya lau, ya tashi ya tafi. Shekara hamsin da 'yan kai muna haka. Kuma ban ɗauke shi abin baƙin ciki ba, alfaharina ne. A unguwarmu in za a yi ma amarya misalin mace mai kunya, da ni ake yi.

Hajo ta rasu shekara uku kafin wannan ciwo. Ku riƙe wannan, don da tana raye da ba a kai inda anka kai ba.

Shi manomin albasa ne a Jiga Makera, gonar ubanshi yake nomawa. Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai faɗin kafaɗa, buhu yake ɗagawa shi kaɗai ya aza a mota. Makon farko tari ne kawai, da ɗan zazzaɓi in la'asar ta yi. Mako na biyu wani mai kemis ya ce maleriya ce da taifot, ya yi mashi allura kwana biyar. Zazzaɓin ya lafa, tarin bai lafa ba. Da anka shiga wata guda sai abinci ya fita kanshi, in ya kwanta ya tashi sai a iske tabarma jiƙe da zufa.

Daga nan masu shawara sunka taso, babbansu Baffa Sani, ƙanen marigayi maigidana. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa jin ciwon da bai san maganinshi ba. Ya ce sanyin fadama ne ya shiga ƙirji. Anka kira wanzami ya yi ƙaho a baya. Anka jiƙa saiwa, anka yi turare, wata ta ce zuma da tafarnuwa, wani ya ce ai hannu ne anka sa mashi saboda albasarshi ta fi ta kowa kyau. Wata biyu ana wannan.

Ran da Luba ta ga jini a tsumman da yake tofa kaki, ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta kwance tunkiyarta ta aika kasuwa, ta ɗauki shatar mota, ta kawo shi Jega. Baffa Sani ya biyo su a babur yana faɗa.

"Wa ya ba ki izini, ɗiyar nan?"

Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Baffa, a yi mani faɗan in ya warke. Zan zauna in saurara har a gama."

Ina bayan labule na ji ta. Na ce a raina, wannan yarinya ta fi mu duka.

Ban bi su asibiti ba, kunya ta hana. Luba ce ta ba ni labari. Tun da hantsi sunka kama layin kati, sai bayan azahar sunka ga likita, shi yana kwance kan benci ta tare mashi rana da mayafinta. Anka ba su 'yar kwalba ya tofa kaki, anka tura su ɗaukar hoton ƙirji, anka ce su dawo jibi. Jibin ma wani layin ne. Da sakamako ya fito likita ya ce tarin fuka ne. Ya ce maganin kyauta ne, ko da yake ba a faɗi cewa mota da hoto da ƙwai da naman da anka ce ya riƙa ci su ba kyauta ba ne. Injin ban-ruwanshi a nan ya tafi.

Abu uku likita ya gindaya. Magani kullum da safe kafin ya ci komai, har wata shida. Taga a buɗe, iska na ratsa ɗakin, don kada sauran mutanen gida su ɗauka. Na uku ya ce, "Wani ya tsaya a kanshi, ya ga ya haɗiye." Luba ta ce ita ce.

Saboda kusa da asibiti, a gidana anka sauke shi, a ɗakin marigayi da ke kusa da zaure. Taku goma ne tsakanin ƙofarshi da tawa. In zan fita sai in ja mayafi in kau da kai, in wuce kamar ɗakin babu kowa. Tarin kawai nake ji, ina ƙirga shi ina jan carbi.

Luba kuwa, Allah ya yi ma iyayenta albarka. Kwanonshi daban, kofinshi daban, kullum sai ta tafasa su. Tsumman kaki ta tara ta ƙone. Ta yi mashi wanka da ruwan ɗumi, ta shafa mashi man shanu a ƙafa, ta dafa romon kaza ta zauna tana lallashi cokali-cokali. 'Yan uwanta sunka aiko ta koma gida kada ta ɗauka. Ta ce ma ɗan aiken, "Ka ce masu da ya yi kuɗin albasa ba su aiko in koma ba." Rubuta, Luba. Haka kika ce, ina ji.

Makonni biyu na farko ya ji dama, har yana fitowa shan hantsi. Sai ɗari ya shigo, rigimar taga ta tashi. Luba ta buɗe, shi ya lallaɓa ya rufe, don jikinshi rawa yake kamar an tsamo shi daga gulbi. Bargo ba ya zama a jikinshi, da tari ya taso ya tashi zaune sai ya zame. Anka sayo mashi suwaita ta gwanjo, irin wadda ake zurawa ta ka. Ɗaga hannu ya gagare shi saboda haƙarƙari, anka sa mashi sau ɗaya ya kusa shiɗewa, ya ce kada a sake kawo ta kusa da shi.

Nan na tuna ina da hannu. Tun ina amarya, wata maƙwabciyarmu Kirista, Maman Bitrus, mutuniyar Zuru da mijinta ke koyarwa a firamare, ta koya mani saƙa. Ni na koya mata daddawa, ita ta koya mani hular jarirai da safa, da tsinkayen ƙafar keke guda biyu da anka goge bakinsu. Duk jaririn da anka haifa a unguwarmu shekara talatin, da hulata ya sha suna. Amma rigar babban mutum ban taɓa yi ba. Na yafa mayafi na tafi gidanta, don har lokacin tana Jega, mijin ya rasu ta ƙi komawa gida.

"Kulu, ke ce da rana tsaka? Wa ya haihu?"

"Ba haihuwa ba ce. Riga nake so ki nuna mani, mai buɗaɗɗen gaba, mai maɓalli, wadda ba sai an ɗaga hannu ba."

"Ta wa?"

"Ta mijin Luba."

"Ta ɗanki dai. Ke har yanzu kina nan da wannan abin naku? To ina awonshi?"

Na ce zan kawo. Da na dawo na iske Luba ta shanya wankin tufafinshi. Na faki ido na sauko da wata taguwa da yake zuwa kasuwa da ita, na shiga ɗaki na auna da hannuna. Faɗin ƙirji taƙi uku da yatsu huɗu. Na sayo zaren ulu ruwan ƙasa, mai kauri, don kada ya riƙa nuna datti. Maman Bitrus ta ɗora mani bakin, ta nuna mani yadda ake rage ido a hammata da yadda ake barin ƙofar maɓalli.

Mako uku ina saƙa. Daga na idar da walaha har rana ta bar tsakar gida, don idona ba ya aiki in haske ya ragu. Baya daban, gaba biyu daban, hannuwa daban, sannan a haɗe. Na yi mata igiya biyu masu murɗewa a ƙirji, na yi aljihu inda zai sa carbi. Ba yabon kai ba, ko a kanti ba a samun irinta. Baffa Sani ya shigo ya same ni a kai.

"Kulu, tsufa ya sa an koma wasan 'yan mata?"

"Ya fi wasan ƙaho a bayan mai tarin fuka."

"Ke dai bakinki ba ya tsufa. Marigayi yayana ya yi haƙuri da ke."

"Shi bai yi kuka ba, sai kai."

Ya yi dariya ya wuce ɗakin maras lafiya. Kullum sai ya shiga, su daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Ban kawo komai a raina ba.

A cikin makonnin nan uku tarin ya dawo, ya fi na da. Fita shan hantsi ta tsaya. Luba ta rame kamar ita ce maras lafiyar. Ta ce mani, "Inna, ban san mi ke faruwa ba. Kullum ina ba shi magani, ban taɓa fashi ba." Na ce ta yi haƙuri, sanyi ne, riga ta kusa.

Ran da na dasa maɓalli na ƙarshe na naɗe ta na ba Luba. Na ce ta ce Maman Bitrus ce ta aiko. Ta shiga, ba ta daɗe ba ta fito da rigar a hannu, idonta ya yi ja.

"Inna, mutum biyu irinshi za su shiga, a bar wuri. Kafaɗar a gwiwar hannunshi take. Iska ta ko'ina take shiga."

Na ce ƙarya ne, da taguwarshi na auna.

Ta ce, "Inna, yaushe rabonki da ki dube shi?"

Ba ta taɓa yi mani magana irin wannan ba, ba ta kuma sake ba. Rabona da duban shi kuwa tun yana goye.

Na kwashi rigar na koma wurin Maman Bitrus, na ce ta zo ta auna mani shi. Ta juya rigar, ta duba ɗinkin hammata, ta ce aiki ya yi kyau. Sannan ta miƙo mani.

"Ba ni zuwa. Ni na haife shi?"

"Kin san al'adarmu."

"Na sani, shekara hamsin ina ganin ta, ban taɓa ce maki komai ba. Amma taguwa kika saƙa ma riga, Kulu, kuma taguwa ba ta jin sanyi. Ki je ki aza hannunki a jikin yaron nan."

Na yi fushi na fito ko sallama ban yi mata ba. Na kwana biyu ina warware saƙar, ina naɗe zaren, mako uku na aiki yana komawa dunƙule. Rana ta uku da hantsi, Luba ta kai mashi magani ta fito ta tafi wurin murhu. Na tashi. Taku goman nan sun fi mani tafiya Maiyama a ƙasa nisa. Na yi sallama na ɗaga labule.

Da a hanya na gamu da shi, da ban gane shi ba. Wuya kamar na ɗan tsako, idanu sun faɗa, kafaɗar da ke ɗaga buhu ta koma ƙashi biyu. Ya yunƙura zai durƙusa.

"Yaya, lafiya? Wani abu ya faru?"

"Zauna. Awo zan yi."

Na aza hannu a ƙirjinshi. Taƙi biyu da yatsa ɗaya. Ina jin haƙarƙarin ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin yatsuna, da zafin jikinshi, da zuciyar na bugawa da sauri. Shi ya kau da kai, ni na kau da kai. Na ce ya ɗan matsa in auna baya. Da na janye matashin da ya jingina da shi, sai ga wani ƙullin leda ya faɗo ya kwance. Ƙwayoyin magani ne, jajaye, sun fi cikin tafin hannu biyu.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Yaya, jinina yake tsotsewa. Tun da na fara sha fitsarina ya koma ja. Na nuna ma Baffa, ya ce jini ne ke zuba, in na ci gaba ba ni kai wata. Ya ce in riƙa karɓa kada ran Luba ya ɓaci."

Ashe abin da ke faruwa ke nan. Luba ta miƙa mashi magani da ruwa, sai ta sunkuyar da kai ta juya, don mace ba ta tsare mijinta da ido yana kai abu baki. Ni da zan iya tsare shi ina can ina kallon bango. Kowa a gidan yana ta ladabi, mutum yana mutuwa a tsakiyarmu. Hajo ce kaɗai da za ta kama mashi hanci ta ɗura, ita kuma tana kabari.

Na kira sunanshi. Sunan yanka, wanda ubanshi ya raɗa mashi, ban taɓa furta shi ba sai ran nan. Ba sai an rubuta ba, Luba, wuce. Ya ɗago ya dube ni kamar bai san muryar ba. Na ce, "Tashi, asibiti za mu, ni da kai."

Ran nan na san layin da Luba ke faɗi. Na zauna kan benci tun hantsi har anka yi kiran azahar, ledar magani a ƙulle a bakin zanena. Da munka shiga na kwance na zube ma likita a tebur. Yaro ne, bai kai autana ba, amma ya san aikinshi. Bai yi tsawa ba. Ya ce jan fitsarin launin maganin ne ke fita, ba jini ba, kowa da ke sha haka yake gani. Na ce, "To ɗana, mi ya hana a faɗa masu tun farko? Mutum ya ga ja yana fita daga jikinshi, mi kake so ya zata?" Ya ce ina da gaskiya, mutane ne sunka yi yawa, magana na kuɓuce masu. Sannan ya faɗi abin da har gobe yana kunnena: "Ciwon nan in ana ba shi magani ana fashi, sabawa yake da shi. Ran da ya saba, ba ya sake jin maganin." Anka sake gwajin kaki, munka yi kwanaki muna jira ba mu da sukuni. Allah ya taimake mu bai saba ba. Anka ce a faro wata shidan daga farko.

Likita ya ce, "Yanzu wa zai tsaya a kanshi?"

Na ce, "Uwarshi."

Luba da ta biyo mu ta yi ta kuka a hanyar dawowa, wai laifinta ne. Na ce mata in akwai mai laifi a gidan nan ba ita ba ce, ita ce ta kawo shi da rai har inda za a gane.

Tun daga washegari na ɗauki kujerata 'yar tsugune na kafa a ɗakinshi, gindin taga, tagar a buɗe. Luba ta kawo magani da ruwa, ya haɗiye, in ce ya buɗe baki in gani, ya ɗaga harshe. Mutum mai furfura a gemu. Sannan in ɗauki tsinkayena. Wannan karon a jikinshi nake gwadawa, in na saƙa taƙi ɗaya in aza in gani. Kwana goma sha biyu na gama, don ta ragu da yawa. Luba ta zura mashi hannu ɗaya, ta zagayo ta baya ta zura ɗayan, ba ɗaga hannu ba wahala, ta ɓalla maɓallan har wuya. Ya zauna yana shafa igiyar ƙirjin. Ya ce, "Ashe Maman Bitrus ta iya." Na ce, "Ta iya." Ya yi murmushi, don a gabanshi na saƙa ta. Daga ran nan ba a sake rufe taga ba.

Baffa Sani ya yi mako bai shigo ba. Da ya zo, da zabi biyu ya zo a hannu, ya aje ya ce a yi ma yaro romo. Na karɓa na ba Luba ta dafa. A wata na biyu tarin ya ragu, a na uku ya fara neman tuwo da kanshi, a na biyar maɓallin ciki ya daina shiga. Nan ma ya so ya ce ya warke a bar magani, na ce ya buɗe baki. Sai da munka cika wata shida cur, anka yi gwajin ƙarshe, likita ya ce ƙirji ya wanke.

Abin da ya sa na ce a rubuta ke nan. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi asibiti, a bar ƙaho. Wanda ya ga fitsari ya yi ja kada ya tsorata, ya tambayi wanda ya ba shi maganin. Kuma in likita ya ce a tsaya a kan maras lafiya, a samu mai iya duban cikin bakinshi, ko wace ce ita a wurinshi. Ni ban ce a bar kunya ba, ita ta rufa mana asiri munka tsufa da mutunci. Amma na kusa binne ɗana da ita.

Cikin waɗanda sunka ga wannan jinya, Baffa Sani ya rasu bara da azumi, Allah ya gafarta mashi, da nufin alheri ya yi abin da ya yi. Likitan an ce an mai da shi wani gari. Maman Bitrus tana nan, ido ya tafi amma bakin yana nan, ran Lahadi in ta dawo coci nakan kai mata daddawa mu yi ta musu. Luba ga ta nan gabana, tana rubutu tana share hanci da bakin mayafi. Shi ma yana nan da ranshi, ya sayi wani injin, ya koma fadama. Shekaranjiya ya zo cin kasuwa, ya yi sallama ya shigo har tsakar ɗaki ya miƙe ƙafa, ya ce wai kunun Luba bai kai nawa daɗi ba. Ƙarya yake yi, na Luba ya fi. Amma na tashi na dama mashi.